Tsakanin Ganuwa da Bariki: Labarin Soyayyar Zazzau da Ke Jiran Mai Fim

Ranar 29 ga Janairun 1903 wata runduna ta tashi daga Zariya ta nufi Kano, Kanar Morland yana gabanta. Turawan da ke ciki ba su kai 40 ba, amma baƙaƙen sojojin da suka saɓa bindiga a bayansu sun haura 700, ban da 'yan dako da masu kula da dawaki. Suka fasa Bebeji a hanya, ranar 3 ga Fabrairu suka shiga Kano, a tsakiyar Maris kuma Sakkwato ta faɗi. Duk wannan yana cikin littattafan makaranta. Abin da babu a ciki shi ne watannin da sojojin nan suka yi a gefen birnin Zazzau kafin su tashi, da shekarun da suka yi bayan sun dawo. Wa ya tuƙa musu tuwo? Wa ya ɗebo musu ruwa daga Kubanni? Wace ce ta bi su da son ranta, wace ce kuma aka ja ta tana kuka?

Irin waɗannan tambayoyi ne suka haifi wani reshe guda a finafinan duniya, wato fim ɗin soyayya a ƙasar da sojan waje ya mamaye. Turawa sun yi shi, Indiyawa sun yi shi, 'yan uwanmu na ƙasashen rainon Faransa sun taɓa shi. Mu da muke da birni irin Zariya, wanda ya ga shigowar soja da idonsa kuma har gobe yake maƙwabtaka da bariki, masana'antar fim ɗinmu ba ta ba wannan zamani haƙƙinsa ba. Ina ganin lokaci ya yi. Sai dai ina jin tsoron ranar da za a yi shi a kwaikwayo na wasu, domin labarin Zazzau ba irin nasu ba ne, kuma inda ya saɓa da nasu nan ƙarfinsa yake.

Hafsa mai kiɗan fiyano

Mafi shahara a 'yan shekarun nan shi ne Suite Française na darakta Saul Dibb, wanda aka fara nunawa a gidajen silima na Ingila a 2015. Labarin wani ƙaramin gari ne mai suna Bussy, bayan Jamus ta ci Faransa a 1940. Wata matashiya, Lucile, tana zaune da surukarta mai tsanani, mijinta yana tsare a hannun Jamusawa. Sai hukumar mamaya ta rarraba hafsoshinta a gidajen mutane, gidan su Lucile ya samu wani Laftana Bruno von Falk, mutum mai ladabi, wanda kafin yaƙi aikinsa tsara kiɗa. Yana kwana a ɗakin da ke kusa da nata, yana kaɗa fiyanonta da dare. Daga gaisuwar da ba a amsawa har abin ya kai inda zuciya ta fi ƙarfin mai ita. A ƙarshe Lucile ta ɓoye wani manomi da ya kashe hafsan Jamus, ta ɗauke shi a mota zuwa Faris, Bruno kuma ya gane abin da ake ciki a shingen bincike ya bar ta ta wuce.

Tarihin littafin da aka ciro fim ɗin daga ciki ya fi fim ɗin taɓa rai. Irène Némirovsky, Bayahudiya haifaffiyar Kiyef, ta rubuta shi ne tana cikin mamayar, sojan Jamus na wucewa ta ƙofar gidanta. An kama ta a Yulin 1942, ta mutu a sansanin Auschwitz bayan wata guda. 'Yarta Denise ta adana littafin rubutun a cikin akwati shekara da shekaru ba ta iya buɗe shi ba, sai a 2004 aka buga shi.

Wanda ya kalli finafinan nan da yawa zai lura da wata dabara da suke maimaitawa. Kusan kullum sai an ɗora wa sojan mamaya abin kiɗa a hannu. Bruno yana da fiyano. Kyaftin Corelli, hafsan Italiya a tsibirin Kefaloniya na Girka a fim ɗin 2001, yana da molonsa. Ana yin haka ne don mai kallo ya manta da bindigar da ke rataye a bango, ya yarda cewa yarinyar tana da zaɓi. Amma Faransawa da kansu sun san ƙarshen labarin bai zo da kiɗa ba. Da aka kori Jamusawa a 1944, mata kusan 20,000 aka aske wa kai a bainar jama'a bisa zargin hulɗa da abokan gaba, aka zaga gari da su ana yi musu ature. Mazan da suka yi ciniki da Jamusawa suka yi arziki, da yawansu ba wanda ya taɓa gashin kansu.

Mai kallon Hausa ya fi sanin salon Indiya. A 1942: A Love Story, wanda ya fito a 1994 da Anil Kapoor da Manisha Koirala, masoyan duka 'yan ƙasa ne. Uban saurayin ɗan koren Ingilishi ne, uban budurwar kuma yana cikin masu haɗa bam don korar su. Mamaya ba ta shigo ɗakin kwana ba, ta shigo ne tsakanin iyaye biyu ta raba su. Wannan ya fi kusa da abin da ya faru a ƙasarmu.

Zazzau kanta ta samu fim ɗin yaƙi mai soyayya a ciki, wato Amina na Izu Ojukwu, wanda Netflix ta saki a Nuwamban 2021, Lucy Ameh ta fito a Sarauniya Amina, Ali Nuhu kuma a masoyinta daga ɓangaren abokan gaba. Fim ne da aka kashe wa kuɗi, ya kuma ci babbar kyauta a Legas. Amma da Turanci aka yi shi, Zazzagawa da dama sun yi ƙorafin ba su ga kansu a ciki ba, sa'annan Amina ita ce mai ci da yaƙi. Labarin wanda aka ci, aka zauna masa a ƙofar gida, shi ne ba a taɓa ba.

Yadda soja ya zauna a Zazzau

Zariya ba a ci ta da igwa ba, wannan ma kaɗai ya isa fim. Bayan Turawa sun kori Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, daga garinsa a 1901, ya faɗo ƙasar Zazzau yana kai hari yana kamun bayi. Sarkin Zazzau Muhammadu Kwasau ya nemi taimakon Nasara a kansa. Suka zo, suka kama Ibrahim, amma ba su koma ba. A 1902 suka kafa sansani a Zariya, aka ajiye Kyaftin Abadie a matsayin Razdan. A watan Oktoban shekarar Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wakilin Zazzau a kudu, ya kashe Kyaftin Moloney ya gudu Kano. Turawa suka ɗora wa Kwasau zargi, suka tuɓe shi suka fitar da shi daga ƙasarsa, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja. A 1903 Gwamna Lugga ya naɗa Aliyu Ɗan Sidi na gidan Mallawa, sarki malami kuma mawaƙi, wanda ya ga shigowar jirgin ƙasa ya yi masa waƙa. Shi ma daga baya suka tuɓe shi suka kai shi Lakwajar, can ya rasu a 1924. Gidan Mallawa bai sake hawa gadon ba sai 2020, da aka naɗa Ahmad Nuhu Bamalli.

To a cikin wannan birni, ina hafsan Ingilishi zai haɗu da Lucile ta Zazzau? Ba ta inda zai gan ta. Ba a sauke Bature a gidan kowa ba. Sansaninsu yana wajen ganuwa, daga baya ma aka mai da abin doka, aka ce a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da mazaunin baƙar fata. Baƙi 'yan kudu aka yi musu Sabon Gari, 'yan Arewa da ba 'yan birni ba suka taru a Tudun Wada, birni kuma aka bar shi da sarkinsa da alƙalansa a bayan Ƙofar Doka. Baturen da ya daɗe a cikin birni shi ne Likita Miller ɗan mishan, daga 1905 har aka mai da 'yan mishan Wusasa a 1929, shi kuwa ba soja ba ne. Ko da an sauke hafsa a gidan attajiri, iyakarsa zaure. Tsakanin zaure da cikin gida akwai shigifa, akwai katanga, akwai kulle, akwai idon uwar miji da na kishiyoyi.

Ba wai Turawan sun zauna kamar waliyyai ba ne. A farkon zamanin ba a barin yawancinsu su zo da matansu, kuma ajiye mace 'yar ƙasa ya zama ruwan dare a ƙasashen da Ingila ke mulka, har Sakataren Mulkin Mallaka, Lord Crewe, ya aika da takardar gargaɗi ga ma'aikatansa a Janairun 1909 cewa wanda aka samu da haka zai iya rasa ci gabansa a aiki. Amma matar da ke bayan gidan Joji ko Di'o ba 'yar malamin Unguwar Juma ba ce da ta ji kiɗa ta kamu. Galibi kuku ne ko boyi ko tafinta ya nemo ta, kuma galibi daga cikin waɗanda ba su da mai tsaya musu.

Sojan mamayar da mutanen Zazzau suka sani ido da ido, wanda ya shigo kasuwa, ya tsaya a bakin rijiya, ya yi wa 'yar talla magana, baƙi ne kamarsu kuma da Hausa yake magana. Tun 1863 Kyaftin Glover ya fara tara rundunarsa a Legas daga cikin Hausawan da suka gudo daga bauta, kuma da Lugga ya kafa rundunar Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarnin, Hausawa da Yarbawa ne ƙashin bayanta, Hausa ce kuma ta zama harshen bariki. Da yawa daga waɗanda suka tsaya a ƙofar Zariya da jar dara a ka, an taɓa kama su ko iyayensu a irin harin da sarakunan Arewa ke kaiwa. Wani ma ƙila a kasuwar birnin aka taɓa sayar da shi. Yanzu ga shi ya dawo da bindiga da albashi, dogari ba ya iya ɗaga masa murya. Ga mutumin birni, wannan kafiri ne ko da yana salla, bawan Nasara. Ga baiwar da ke daka a rinjin wani basarake, wannan shi ne mutum na farko da ta gani irinta wanda ba mai iya dukansa.

A nan labarin yake. Kuma ba labari ne mai sauƙi ba.

Matar da ba a tambaya ba

Dokar bauta ta Lugga ta 1901 ta hana kamu da cinikin bayi, ta ce duk yaron da aka haifa bayan ƙarshen Maris na shekarar ɗa ne. Amma ba ta 'yanta waɗanda ke hannu ba. Turawa suna tsoron kada gonaki su mutu, sarakunan da suke mulki ta hannunsu su juya musu baya, don haka suka bar bawa ya fanshi kansa a gaban alƙali, suka kuma yi ta hana gudu. A kan mata suka fi yin laƙo-laƙo. Sa-ɗaka da ƙwarƙwara suka ɗauke su a matsayin matan aure, suka ce wannan sha'anin iyali ne, na kotun alƙali. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, da suka bi rajistar kotunan wancan zamani, sun nuna cewa mata da yawa da aka rubuta an 'yanta su, wani namiji ne ya biya fansar ya tafi da su gidansa. Takarda ta ce 'ya ce, amma daga hannu ta koma hannu. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936.

A cikin wannan ruɗani mata suka yi ta guduwa, kuma bariki na daga cikin wuraren da suke dosa, domin ubangijin baiwa ba ya iya shiga can ya jawo ta. Wasu sun samu mazan da suka riƙe su da mutunci, suka haifi 'ya'yan da suka zama sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa da malaman asibiti. Wasu sojan ne ya ɗauke su ƙarfi da yaji a garin da aka fasa, ba su da bambanci da ganima. Wasu an yi zama da su wata shida, da aka yi wa kamfanin canjin wuri aka bar su a Tudun Wada ba dangi ba miji, suka shiga zaman kansu. Har 'yan damfara sun samu shiga, suna sa tsohon kakin soja suna bin ƙauyuka suna ƙwace, abin da su kansu rahotannin Turawan suka yi kuka da shi. Bariki ya yi tsarin matansa, da magajiya mai sasanta rigima da kula da baƙuwa, tsarin da har yau bai mutu ba.

Mai rubuta fim ɗin nan dole ya tsaya a kan tambaya guda, ya ƙi sakinta: macen da ba ta da ikon cewa a'a, in ta ce i, me i ɗinta take nufi? Ban ce babu so a bariki ba. Akwai shi, kamar yadda ciyawa ke tsirowa a tsagin dutsen Kufena. Amma so ne da ya tashi tsakanin mutum biyu da ɗayansu ke riƙe da bindiga, ɗayar kuma in ta koma baya mari da ƙangi ke jiranta. Wanda ya ɗauki wannan ya mai da shi rawa da waƙa a lambu ya ci amanar kakanninmu mata. Wanda kuma ya mai da kowace macen bariki 'yar iska, ya sake yi musu askin da aka yi wa matan Faransa.

Akwai waɗanda suka nuna ana iyawa. Med Hondo, a fim ɗinsa Sarraounia na 1986 da ya ciro daga littafin Abdoulaye Mamani na Nijar, ya bi rundunar Voulet da Chanoine da ta ƙona garuruwan Hausa a 1899 har Birnin Ƙonni, bai kuma ɓoye ayarin matan da aka kama ana raba wa sojoji ba. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Abderrahmane Sissako, a Timbuktu na 2014, ya nuna mamayar masu iƙirarin jihadi a arewacin Mali, inda ɗan bindiga zai zo neman aure, uwa ta ce a'a, a ɗauki yarinyar duk da haka. Babu ɗayansu da ya buƙaci fiyano.

Muryar Baba

Abin farin ciki, ba sai an ƙirƙiro muryar macen wancan zamani daga iska ba. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, a garin Giwa da ke ƙasar Zazzau, wata tsohuwa da ake kira Baba ta zauna da Mary Smith, matar masanin nan M. G. Smith mai littafin tarihin sarautar Zazzau, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa. An buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. An haife ta wajen 1877, don haka cikakkiyar mace ce lokacin da Nasara suka zo. Ta ba da labarin harin Mai Sudan, wato Sarkin Sudan na Kwantagora, da yadda aka kama matan danginta aka yi ta tara wuri don fanso su, da yadda bayin rinjinsu suka watse bayan zuwan Turawa. Ba ta ɓoye cewa talakawa irinta sun ji sanyi da aka daina kamun mutane a hanya ba, masu sarauta ne abin ya yi wa ciwo.

Sa'annan ta yi maganar zuciyarta ba kunya ba tsoro. An yi mata auren zumunta da ɗan uwanta Duma, ta yi biyayya ta zauna, alhali ranta yana wajen wani, Malam Maigari. Daga baya ta fita ta aure shi. Aure huɗu ta yi a rayuwarta, ba ta taɓa haihuwa ba, ta yi riƙon 'ya'yan dangi. Duk wanda ke zaton matan da ba su san so ba, ko ba su san hanyar kotun alƙali ba, ya karanta Baba. A wurinta zuwan Bature babban abu ne, amma bai fi girman tambayar wa za ta aura ba. Haka rayuwa take a ƙarƙashin kowace mamaya: sarki yana Lakwaja, amma ana kai lefe, ana kamun amarya, ana guɗa.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, na gidajen malamai da masu sarauta. Da Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, jama'a suka yi ta barin garuruwansu suna bin sa, har aka kashe shi a Burmi a Yulin 1903, sauran suka ƙarasa Sudan suka kafa Mai Wurno. Wasu manyan kuma, irin Waziri Buhari, suka ga zama ya fi, a ba Nasara harshe a riƙe zuciya, don kada a bar talakawa ba jagora. Wannan muhawara ta shiga gidaje ta raba wa da ƙane. Yarinyar da aka yi wa baiko da almajirin babanta, shi ya ce zama ƙarƙashin kafiri haramun ne ya ɗauki buzunsa, baban kuma ya karɓi alƙalanci a sabuwar hukuma: ga fim nan a tsaye, ba Bature ko ɗaya a gaban kyamara.

Wani abin lura shi ne, rabin labarin biyu duk a Zariya aka buga su, a ofis guda. Gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya a Hukumar Talifi ta fito da Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin Kwantagora da ya yaƙi Nasara, yaƙi zalla. A jerin littattafan nan na farko kuma akwai Jiki Magayi na John Tafida Wusasa da East, labarin Abubakar da Zainabu da attajirin da ya raba su da kuɗinsa, so da ramuwa zalla. Wajen shekara 90 ke nan littattafan biyu suna jere a kanta ɗaya, ba a samu wanda ya haɗa su ba.

Daga Zariya zuwa Bama

Kafin a cika rabin ƙarni, abin ya juya. 'Ya'yan waɗanda aka mamaye su ne aka ɗiba su je su yi wa Ingila yaƙi a ƙasar wasu. Makarantar horar da kuratan soja da aka kafa a Zariya a 1924 ta cika ta batse a lokacin yaƙin Hitila. Aka kai su Habasha, sa'annan aka tsallaka teku da runduna ta 81 da ta 82 zuwa Indiya da dazukan Bama. Wasu bataliyoyin Nijeriya sun shiga rundunar Chindit ta Janar Wingate a 1944, abin da ya sa har yau akwai barikin Chindit a Zariya. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939 Abubakar Imam yana edita, ita ce ke kai labarin yaƙi gida, tana kuma bin sojoji har fagen fama.

Matar sojan da ba ta iya karatu ba, sai ta nemi ɗan makaranta ya karanta mata wasiƙa, in ta zo. In ba ta zo ba, shekara ɗaya, biyu, uku, dangi su fara magana, manema su fara aike. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace tana jiran shekara huɗu bayan ta kai ƙara kafin a ba ta damar yin idda. Soja ya dawo a 1946 da lambar yabo a ƙirji da 'yan kuɗin sallama, ya tarar da matarsa a ɗakin wani da goyo. Marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya je yaƙin, ya rubuta Burma Boy a 2007 a kan yaran da suka tafi. Labarin waɗanda aka bari a gida yana nan a bakin tsofaffin Tudun Wada da Sabon Gari, kuma kullum raguwa suke yi.

Me ya hana?

Masu fim na Kano za su ce kuɗi, kuma gaskiya suka faɗa. Fim ɗin tarihi yana son dawaki, da kaki irin na da, da bindigogi, da ɗaruruwan mutane, da unguwar da babu falwayar lantarki ko rufin kwano. Ganuwar Zariya ta zaizaye, wurare da dama an yi gini a kanta. Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu yana nan, amma a lulluɓe cikin sabon gini. Furodusan da ke neman mai da kuɗinsa a YouTube cikin wata uku ba zai shiga wannan ba. Duk da haka Shaihu Umar na Adamu Halilu ya fito tun 1976, Mai Martaba kuma da aka ɗauka a Daura har Nijeriya ta tura shi gasar Oscar. Labarin da nake magana a kai ma ba ya buƙatar fagen fama. Zaure ɗaya, rijiya, rumfar kasuwa, layin bukkokin bariki da zauren alƙali sun ɗauke shi.

Abin da ya fi kuɗi nauyi shi ne kunya. Jikokin kowa suna raye. Gidajen sarauta huɗu na Zazzau, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kowanne yana da yadda yake ba da labarin 1902. Ba mai son a ce kakarsa baiwa ce, ba mai son a ce kakansa ne ya riƙe wa Nasara bindiga, ba kuma mai son a tuna cewa kakansa ya mallaki mutane. Wannan damuwa ce ta gaske, bai kamata a yi mata dariya ba. Maganinta shi ne a ƙagi mutanen labarin, a bar sarakuna da Razdan a bayan fage inda tarihi ya ajiye su, a kuma zauna da masarauta da dattawan unguwanni tun kafin a kunna kyamara.

Kayan aiki kuwa suna kusa. Fayilolin lardin Zariya suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, ga kuma Gidan Arewa a garin. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tana da sashen tarihi da ya fitar da Mahmud Modibbo Tukur, wanda bincikensa a kan cin Arewa daga 1897 zuwa 1914 ya tona irin ta'asar da rahotannin Turawa suka shafa wa mai, tana kuma da sashen wasan kwaikwayo mai dandalinsa na ginin ƙasa. A yi fim ɗin da Hausa, Zazzaganci a bakin mutanen birni, gurɓatacciyar Hausar bariki a bakin saje da kofur, domin bambancin harshen nan kaɗai zai gaya wa mai kallo wane ne ɗan gida, wane ne baƙo.

Rubutun kuma a ba mata. Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, zuwa littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da ɗaruruwan da suka biyo bayansu, marubutanmu mata sun fi shekara 40 suna bin diddigin tambaya guda, ta yarinyar da aka yanke wa hukunci ba a ji ta bakinta ba. Balaraba ma ta riga ta gwada fim ɗin tarihi da Juyin Sarauta. Su ne suka san abin da ake faɗa a cikin gida bayan maza sun fita zaure, kuma su tsofaffin Tudun Wada za su buɗe wa baki su faɗi abin da ba za su taɓa gaya wa namiji mai riƙe da rakoda ba.